Saƙon da Na Hana a Faɗa wa Mai Ciroti

Yayana Sheshagiri ya yi shekara arba'in da ɗaya yana girkin biki a ƙasar Shimoga, amma in ka ce Sheshagiri mai girki ba kowa zai gane ba, sai ka ce mai ciroti. Ni ƙanensa ne, Pranesha. Shekara tara ya ba ni, kuma na yi talatin ina aiki a ƙarƙashinsa. Abin da zan faɗa ba ji na yi ba, akwai hannuna a ciki dumu-dumu.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, hannuwansa duk tabon ƙunar mai. Ba shi da yawan magana, in kuma ya yi sai ta yi ɗaci. A wajen kawunmu ya koyi sana'ar bayan rasuwar mahaifinmu, ya kuma wuce kawun tun kawun yana da rai, abin da tsohon bai taɓa yafe masa ba. A gidan biki kowa da abin da yake jira. Dangin ango suna jiran abin kushewa, dangin amarya suna jiran a watse lafiya. Amma in an ce Sheshagiri ne a madafa, to kowa ciroti yake jira.

Tun da asuba, bayan wankan tsarki, zai kwaɓa tsakin alkama mai laushi da man shanu, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle ya bar shi ya huta. Sai a kirɓa a turmi har ya yi taushi. Daga nan ya murza shi fale-fale, har kana ganin zanen katako ta cikinsa, ya shafa garin shinkafa da aka buga da man shanu, ya ɗora wani fallen, ya sake shafawa, har falle bakwai. Ya naɗe kamar tabarma, ya yayyanka, ya danna kowane yanki da tafin hannu, sai kasko. A kaskon aikin yake. Wuta kaɗan, yana watsa mai da matsami a hankali har fallayen su bubbuɗe ɗaya bayan ɗaya, abin ya fito fari tas. Wanda ya yi ja ko yaya, sai a zuba wa shanu. Sauran masu girki tun ana gobe biki suke soya nasu su jibge a kwando. Shi kuwa a ranar yake suya, kuma da hannunsa, ko mutum dubu za a ciyar.

A ƙarshen cin abinci ake fito da shi. A ajiye wa kowa nasa a kan ganyen ayaba, mutum ya sa tafin hannu ya murƙushe, a barbaɗa sukari, a kwarara madarar badam mai zafi, wato madarar da aka dafa da wata niƙaƙƙiyar ƙwaya mai kama da gyaɗa. Lokacin nan kaɗai yayana yake barin murhu. Sai ya je bakin ƙofar madafa ya karkata kai, yana sauraron ƙarar murƙushewar daga sahu zuwa sahu. In ta yi masa, ya dawo bai ce komai ba. In ba ta yi ba, ranar kowannenmu sai ya ji a jikinsa.

Mutum ɗaya ce a duniya ba ta tsoronsa, matarsa Tungamma. Sun haifi uku, ba wanda ya kai yaye, suka zauna su biyu a gidanmu na gado a bakin kogin Tunga, nisan mil arba'in daga Shimoga. Cewa take ita dai ƙeyarsa ta aura, don kullum ita take gani tana fita ƙofa. Duk bikin da ya yi sai ya ƙunso mata ciroti ɗaya a ganye. Ta karɓa, ta ɓara, ta ƙirga fallayen da farce, ta ce shida ne, an yi wa mutane ha'inci. Shi kuma ya hau rantsuwa kamar a gaban alƙali. Shekara talatin suna wannan rigimar, ba wanda ya gaji.

A ƙarshen daminar 1973 ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya soma yi mata wuya. Likita ya ce zuciya ce. Kafin bazara ta kai ba ta iya barci sai a zaune. Aka zo ɗaukarmu bikin 'yar wani lauya a Shimoga, mutum ɗari shida, yayana ya ce ba zai je ba. Ita ce ta kore shi. Ina tsakar gida na ji tana ce masa ya zauna ya yi mata me, ko ita zai soya.

Kowa ya san hukuncin sutaka. In an yi mutuwa a dangin uba, duk na gidan ya ƙazantu kwana goma, ba ya shiga ɗakin ibada, ba ya taɓa abincin da wani zai ci. Sai dai ba daga fitar rai take hawa kan mutum ba, daga lokacin da labari ya shiga kunnensa ne. Shi ya sa a wajenmu ake iya riƙe mutuwa a baki yini guda in akwai biki a gaba, ba kuma mai cewa an yi laifi. Mu kuwa mu bakwai ne masu girkin, kuma duk kakanmu ɗaya, don yayana ba ya ɗaukar bare. Kalma ɗaya in ta faɗo a madafarmu, hannu goma sha huɗu ne za su tashi daga aiki lokaci guda.

Ranar bikin, wajen ƙarfe tara da rabi, na fita ta ƙofar baya don in duba ganyen ayaba da ake saukewa daga amalanke. Ina ɗaga kai na hango Bomma a tsallaken titi, a gindin tsamiya. Bomma shi yake kula mana da lambun goro tun zamanin mahaifinmu, mutum ne da in ya je Shimoga sau ɗaya a shekara an yi yawa. Yana tsaye, ya ɗaure mayafinsa a ƙugu, idanunsa jajur. Bai zagayo inda ake ba ma'aikata abinci ba, bai ko matso inuwar katanga ba.

A wajenmu in ciwo ya yi tsanani, wayar tangarahu ake bugawa, ko a ba yaron mota saƙo. Ba a tayar da mutum sukutum a sa shi a mota sai abin ya ƙare. Kuma wanda ya fito daga gidan mutuwa ba ya taka gidan biki, daga nesa yake tsayawa, kamar yadda Bomma ya tsaya. An ce labarin zuciya a tambayi fuska. Na tambayi fuskarsa daga tsallaken titi, na kuma yarda da amsar da na ba kaina.

Na tsallaka. Yana ganina ya haɗa hannuwa ya rusuna, ya kira ni Suwami, yadda barori suke kiran iyayen gidansu.

"Suwami, uwargida ce..."

Na ɗaga masa hannu. "Na gane. Rufe bakinka."

"Suwami, ai ita ce..."

"Na ce na gane, Bomma. Kurma ne kai? Ka zauna nan. Kada ka yi magana da kowa, kada ka aika kowa, sai sahu na ƙarshe ya wanke hannu. Ni zan zo in kira ka."

Ya dube ni, ya dubi gidan bikin, ya sunkuyar da kai. Shekara hamsin yana cin abinci a bayan gidanmu, bai taɓa mayar wa ɗan gidan magana sau uku ba. Na sa aka kai masa gahawa, ya ajiye ta a ƙasa bai sha ba. Wannan ma na ƙara shi a kan hujjojina.

Kada wani ya ɗauka ban ji zafi ba. Tungamma ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ita ta nemo mini mata. Na koma bayan amalanken nan na ɓuya don kada a ga fuskata. Amma ga lissafin da na yi, kuma a lokacin gani nake ko malamin da ke ɗaura auren haka zai yi: wadda ta tafi ta tafi, gaggawa ba za ta dawo da ita ba. A ciki kuwa ga shinkafa a wuta, ga miya iri huɗu, ga ƙullin ciroti an gama kirɓawa. Magana zarar bunu ce. Muddin ba a furta ba, ni ban ji ba, hannuna da tsarkinsa, na yayana ma haka. Na watsa ruwa a fuska na koma.

Na tarar ya soma murzawa. Yana zaune a ƙasa, katako a gabansa, ya ba ƙofa baya kamar kullum. Gundu, ɗan baffanmu, yana buga garin shinkafa da man shanu a faranti yana zuba surutu, wai uwar ango ta aiko a tambaya ko man na shanu ne tsantsa.

"Ka ce mata da kitsen mijinta muka haɗa," in ji yayana, bai ko ɗago ba.

Aka kwashe da dariya. Rabon da in ji ya yi ba'a a bakin aiki har na manta. Ranar kuwa, kamar da gangan, ransa fari ƙal. Ya ce da safen da za mu taho Tungamma ta ci abinci da kyau, har ta ce a buɗe mata taga. Ya ce in an gama wannan bikin ba zai karɓi wani ba sai bayan damina. Ni dai ina yanka ƙulli, ina jin kowace kalma kamar ana ɗiga mini mai a baya.

Ƙarfe goma da rabi aka ɗora kasko. Na farkon da ya fito, ya ɗaga shi a haske, ya jujjuya, ya yago ganye ya ƙunshe, ya tura ƙarƙashin jakarsa. Ya ce da Gundu yau dai ta ƙirga da kyau, in ta ce shida ne zai kai ta ƙara. Na tashi na fita kamar zan ɗebo itace.

Daga wajen itacen ana hango titi ta saman katanga. Bomma ya bar gindin tsamiya, ya dawo tsakiyar rana, ya kafa wa ƙofar baya ido. Yana hango kaina ya tako da sauri har jikin katangar.

"Suwami, motar sha biyu ta kusa."

Motar da ke komawa ƙauyenmu biyu ce a yini, ta sha biyu da ta huɗu. Na ɗauka ƙona gawa yake nufi, kada rana ta faɗi ba a yi ba. Na ce a raina ko da safe aka yi ba a saɓa wa kowa ba. Na zare masa ido, na nuna masa gindin tsamiya da yatsa. Leɓensa yana motsi, na juya na bar shi.

A ciki aka ɗaga algaita da ganga, alamar ango ya ɗaura wa amarya zaren aure a wuya. Ƙarar ba ta hana ni jin ƙahon motar sha biyu ba. Na san muryarsa, ƙaho ne mai shaƙewa kamar tsohon zakara. Ta busa sau biyu a kwanar kasuwa ta wuce. Yayana ya ɗan tsayar da matsami.

"Ba motarmu ba ce wannan?"

"Ita ce, Anna," na ce, don haka muke kiran yaya.

"Me ya same ka yau? Sai leƙe kake kamar ɓarawon kaza. Wa kake jira?"

Na ce masu madara ne ba su cika ba. Ya dube ni, duban da ya fi na kullum tsawo, sannan ya mayar da ido kan kasko. Da ya sake tambaya sau ɗaya, ina jin da na faɗa. Bai sake ba.

Sahu huɗu aka yi, kowanne mutum ɗari da hamsin. A shimfiɗa ganye, a zuba, a ci, a kwashe, a share, a sake shimfiɗawa. Ban taɓa ganin mutane masu jan jiki wajen cin abinci irin na ranar ba. Wani tsoho daga dangin ango ya nemi ƙarin miya sau uku, na zuba masa ina ji kamar in kifa masa bokitin a ka. Duk sahun da aka kai wa ciroti, yayana ya je bakin ƙofa ya karkata kai. Ƙarar ranar kuwa ba a magana, ruƙus-ruƙus daga wannan bango zuwa wancan, kamar ana taka busasshen ganye. Uban amarya da kansa ya zo har ƙofar madafa ya haɗa hannuwa. Ni kuma duk zagayen da na yi sai na saci kallon titi. Inuwar tsamiya ta juya, Bomma bai bi ta ba. Yana tsugune a rana, ya dafe kai da hannu biyu.

Uku da rabi sahu na ƙarshe ya wanke hannu. Na sa aka sauke tukwane, aka miƙa wa matan gidan ragowar abinci, don kada wani abu ya rage a hannunmu. Sai da na tabbata ba sauran abin da za mu ƙazantar, sannan na ce wa yayana ya zo waje, Bomma yana nan.

Bai tambaye ni komai ba. Fuskarsa ce kawai ta sauya. Ya ajiye matsami a hankali, ya biyo ni, sauran biyar ɗin suka biyo bayanmu. Muka tsallaka titi muka jeru a gaban Bomma kamar masu jiran hukunci. Na ce masa to, yanzu ya faɗa.

Bomma ya miƙe da ƙyar, ya fuskanci yayana. Muryarsa ta dushe.

"Suwami, uwargida ce ta aiko ni. Ta ce ka zo yanzu-yanzu, tana jiranka. Ta ce kada a buga waya, waya tana kwana a hanya, in zo da ƙafata in taho da kai."

Gundu ne ya iya tambaya ko tana da rai.

"Da na fito tana zaune, tana magana. Ita ta ba ni kuɗin mota da hannunta."

Daga baya na ji cewa mai gadi ne ya hana Bomma shiga, ya ce ba a gayyaci irinsa ba. Gahawar kuwa, ya ce maƙogwaronsa ne ya ƙi karɓa. Shi a zatonsa na san komai, tunda na ce na gane, ya ɗauka mu manya mun yanke abin da muka ga ya dace.

Motar huɗu ta tashi huɗu da kwata. Yayana ya shiga da zanen aikinsa, duk mai, ko riga bai tsaya ɗauka ba. Hanyar awa biyu da rabi ce, kuma direban ya tsaya a kowane ƙauye, har da sauke buhunan taki. Yayana ya riƙe ƙarfen kujerar gaba da hannu biyu tun daga Shimoga, yana ɗan tura shi gaba, kamar hakan zai ƙara wa motar gudu.

Daga bakin titi zuwa gidanmu tafiyar minti goma ce ta cikin lambu. Tun kafin mu fita daga cikin itatuwan muka ji warin hayaƙi. An hura 'yar wutar nan da ake hurawa a ƙofar gida in an yi rashi.

Tsohuwar maƙwabciyarmu ce ta tare mu a dakali. Ba ta san abin da ya faru a Shimoga ba, saboda haka ba ta rage komai ba. Ta ce tun hantsi Tungamma ta sa aka jingina ta tana fuskantar ƙofa. Da biyu da rabi ta yi, ta ji ƙahon mota a bakin titi, ta sa aka gyara mata gashi, ta ce ga shi nan. Aka jira minti goma, aka jira ashirin. Sai ta ce wataƙila ya tsaya gaisawa da mutane a hanya. Ba ta ƙara cewa komai ba. Uku ta ɗan gota rai ya fita.

Yayana ya juya ya tambayi Bomma ƙarfe nawa ya isa Shimoga. Bomma ya dube ni. Na ce tara da rabi, kuma ni na hana shi magana. Yayana ya gyaɗa kai ya shiga ciki.

Ya yi shekara goma sha ɗaya bayan haka yana aiki, kuma ban taɓa jin an ce cirotinsa ya ragu ba. Bai kore ni ba, bai kai ƙarata wajen dangi ba. Ko ya kai ma ba mai ba shi gaskiya, don duk wanda ya ji labarin cewa yake na yi abin da al'ada ta ce, ƙaddara ce kawai. Abu ɗaya ya sauya. Duk gidan da muka je, sai ya sa a haƙa murhunsa inda zai riƙa ganin ƙofar waje. In wani ya tsaya a can ya daɗe, ko mai tallan kwakwa ne, sai ya sauke kasko, ya fita da kansa ya tambaye shi abin da ya kawo shi, ya dawo ya sake wanka ya ci gaba. Masu biki suna ƙorafi a bayan idonsa, ba mai iya faɗa masa. Ya rasu a gida, cikin damina, lokacin da ba a biki.

Sau ɗaya tak ya yi mini maganar, ranar kwana goma, bayan an yi mana aski a bakin kogi. Mutane sun hau tudu, saura mu biyu a kan dutse muna jiran zannuwanmu su sha iska. Bai dube ni ba, ruwa yake kallo.

"Pranesha, ka ɗauka ta riga ta tafi ne?"

"Na rantse, Anna, haka na ɗauka."

"Na yarda," ya ce. "To da ka bar shi ya ƙarasa, ka ji tana da rai tana kirana, ga ƙulli a kan katako, ga mutum ɗari shida, ba kuma mai iya suyar sai ni. Da ka shigo ka faɗa mini?"

Na buɗe baki in ce e. Kalma ce ƙarama, kuma ita yake so ya ji. Amma sai na ga madafar nan a idona, da kaskon, da ganyen da aka shimfiɗa, na tsaya ina dubawa ko gaskiya zan faɗa. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Kafin in gama, ya miƙe ya ɗauki jiƙaƙƙen zanensa, ya hau tudu shi kaɗai.